Yadda Na Kai Maganeton Babanmu Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. Matan layinmu su tambaya, abokan ciniki su tambaya, har waɗanda suka yi mini dariya ranar da zan tafi su ne yanzu a gaba wajen "Hajiya Asabe, wai ya ƙasar take?" Wasu sun baza cewa asibiti na je a ɓoye, wasu suka ce sarin abaya. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi cinikina. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, ko ma kada ya yi. Sai da na shekara arba'in da ɗaya na fara zama a benci a makarantar manya, kuma ba wanda ya riƙe mini biro a wannan.

Ba asibiti na je ba. Ƙarfe na kai gyara.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin auduga ne a ƙasar Funtua. Yana da babur ƙirar Ingila, baƙi wuluk, mai silinda ɗaya, irin wanda in ya taso daga bakin kasuwa kana tsakar gida za ka ji bugunsa a ƙirjinka. Giwa muke ce masa. Da gwiwar Baba ta lalace ya daina iya buga kik, 'yan'uwana maza kuwa duk suna makaranta, ni aka bari a gida. Saboda haka tun ina 'yar shekara goma sha uku ni ke tayar masa da Giwa kowace safiya, shi ya hau ya tafi. Su suka samu boko, ni na samu wannan.

Bayan rasuwarsa babur ya kwanta a zaure ƙarƙashin buhuna, shekara da shekaru. Bana sai Yaya Sani, babban wanmu, ya ce zai fasa zauren ya fitar da shaguna. Ina shagona na kayan gyaran babur aka zo aka ce mini 'yan gwangwan suna ƙofar gida da sikeli. Da sikeli fa! Na zo na tarar har sun fara jan sa waje. Abin da na faɗa a ranar ba zai rubutu ba. Da hayaniya ta lafa Yaya ya ce a gaban mutane, "Asabe, magina za su fara aiki da zarar ruwa ya ɗauke. In kin tayar da shi kafin nan, naki ne, ki kai shi inda kike so. In bai tashi ba, a auna." Na ce na ji, kuma kowa ya shaida.

Ni da Ilu bakanike, maƙwabcin shagona, muka kwance shi kaf. Komai ya farfaɗo sai wuta. Irin waɗannan babura ba da batir suke tashi ba. Akwai wani ɗan inji kamar girman tulun shayi, maganeto sunansa, shi ke haifar da wutar da ke zuwa fulogi. Namu ya mutu murus. Na nema a Kano, na aika Kaduna, na aika Legas, yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Ana cikin haka Rabi, autata, wadda ke zaune da mijinta a Alƙahira yana karatu, ta turo mini hoto a waya: wani tsoho a kan babur sak Giwa, yana ratsa titi. Ta ce wai sojojin Ingila sun bar su da yawa a can tun zamanin da, kuma har yau akwai masu kiwon su. Ban yi shawara da kowa ba. Na nemi biza.

Daga Funtua zuwa Kano ba abin faɗa sai ramuka. A filin jirgi aka fara. Na naɗe maganeton a tsohon zani na sa a jakar hannu, don ban yarda in rabu da shi ba. Da jakar ta shiga na'urar dubawa sai na ga ma'aikacin ya miƙe tsaye. Dunƙulen ƙarfe ne da waya a jiki, ban ga laifinsa ba. Na kwance masa, na yi bayani, ya kira babbansa, na sake bayani. Babban ya ce, "Hajiya, mutane na tafiya da kilishi da yaji, ke kina tafiya da wannan?" Na ce kilishin ma yana nan a ƙasa, in zai ci. Suka ce dole ya bi manyan kaya. Na yarda, amma na tsaya a kai har aka naɗe akwatin a idona. A jirgi ban runtsa ba, hankalina na cikin cikin jirgin tare da shi.

A can ma sai da aka buɗe. Ba na jin Larabci in ban da na salla, shi kuma jami'in ba ya jin komai nawa. Na kama hannun babur a iska, na ɗaga ƙafa na buga kik, na yi "dum, dum, dum" da baki. Ya dube ni, ya dubi zanin, ya fashe da dariya ya ce, "Yalla, ya Hagga," wato wuce, Hajiya. Kalmar farko ke nan da na koya.

Su Rabi suna Darrasa, tsohuwar unguwa kusa da babban masallacin da ɗalibanmu ke karatu. Bene na shida, babu na'urar hawa. Na hau ina ƙirga zunubaina. Abin da ya fara burge ni shi ne kwando: mace tana sama za ta zuro kwando da igiya ta taga, mai burodi ya sa mata, ta ja abinta. Na ce wa Rabi da matan Funtua sun ga wannan da an huta da aiken yara. Abincinsu kuwa, wake da safe, wake da rana. Akwai wani wai shi koshari, shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya, kamar an share rumbu an dafa. Na ci don kada a ce na raina, ya kuma yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma kwana biyu na fito da kukata da daddawata na kaɗa miya, har ɗaliban bene na huɗu suka hawo gaisuwar da ba a gayyace su ba. Tsallaka titi shi ne abin da ban saba da shi ba har na dawo. Mota ba ta tsayawa, kai ma ba ka tsayawa, kowa ya dogara ga Allah. Na riƙa laɓewa a gefen duk wata tsohuwa mai ƙiba da na gani, in ta shiga in shiga.

Surukina Malam Nura mutumin kirki ne, mai kunya, fikihu yake karanta. Shi aka ɗora wa rakiya da tafinta, kuma na ga alama da za a ba shi zaɓi da ya zaɓi azumin wata biyu. Ya bincika ya kai ni wani shago mai gilashi a unguwar masu hali, inda tsofaffin babura ke jere suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Mai shagon ya kawo shayi mai sukari kamar zai kashe ni, sannan ya fito da maganeto an goge shi har kana ganin fuskarka. Na juya shi na duba ɗan murfin mai. Akwai kibiya da ake bugawa a wurin, mai nuna ta wane gefe yake juyawa. Tasa ta nufi dama, tawa hagu. In ka ɗaura irin wannan, sai ka buga kik har ƙafarka ta karye ba ka ga wuta a kan lokaci ba.

Na ce, "Malam, gaya masa ya san kibiyar nan ba daidai take ba, ya ga mace baƙuwa ya ce ga banza ta faɗi."

Malam Nura ya yi gyaran murya, ya faɗi kalma uku da murmushi. Mai shago ya sa hannu a ƙirji yana godiya.

"Me ka ce masa?"

"Umma, cewa na yi za mu yi shawara."

"Duk maganar da na yi ita ce za mu yi shawara?"

"Umma, a yi haƙuri, ƙasar mutane ce."

A nan na gane ina buƙatar wani bakin.

Rabi ce ta tuna da wani dattijo a Arba wa Nus, can gabashin gari inda mutanen Sudan suka yi yawa. Muka shiga ƙaramar bas, muka sauka a unguwar da ta fi kama da gida: lungu, ƙura, mata na soya abu a bakin hanya. Baba Abakar yana gyaran keke mai ƙafa uku. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, yaƙi kuma ya koro shi Masar. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da ya buɗe baki sai na ji kamar kakata ce ke magana, sai dai Larabci na faɗowa a tsakiya. Ya karɓi maganeton, ya shinshina shi, ya ce, "Kwayil ya ƙone, 'yar'uwa, naɗin wayar da ke cikinsa. Mutum ɗaya ya rage a garin nan mai naɗa shi da hannu, Usta Fathi. Amma mugun tsoho ne, ya kori waɗanda suka fi ki."

Na ce, "Baba, in na yi magana za ka faɗa yadda na faɗa?"

Ya ce, "Har da tsakin."

Ranar Juma'a da hantsi muka je, don ita ce ranar da titunan Alƙahira ke numfashi, masu tsofaffin babura su fito su taru a ƙofar Usta. Lungu ne a bayan maƙabarta, ba nisa da Darrasa. Babura bakwai na gani a jingine, duk 'yan Ingila, kowanne da ɗan tiren da aka sa masa a ƙasa saboda ɗigar baƙin mai. Da na ga tiren nan sai da idona ya kawo ruwa, don haka Babanmu ke sa wa Giwa murfin tukunya. Masu su dattawa ne, akwai likita, akwai tsohon malamin makaranta, akwai mai gidan burodi. A waje kowa da matsayinsa, a nan kuwa duk a kan bulo suke zaune suna jiran Usta ya ga dama ya dube su. Ɗaya na neman murfin tanki shekara huɗu. Wani ya samo nasa babur ɗin a ƙauye an ɗaura masa injin ban ruwa, kuma ya ba ni labarin sau biyu ban tambaye shi ba.

Usta Fathi ɗan ƙaramin tsoho ne, gilashinsa ɗaure da waya. Ko kallon maganeton bai yi ba. Ya yi magana mai tsawo, Baba Abakar ya juyo ya ce, "Wai ya san irinku. Dillalai sun kwashe baburan ƙasar nan sun loda wa Turawa a jirgin ruwa. Da ya daina kula su sai suka riƙa turo masa mutane da labarin tausayi, wannan na kakansa ne, wancan na babansa ne. Yau kuma har da Hajiya daga Najeriya. Wai ki gaishe da wanda ya aiko ki."

Malam Nura ya ce a hankali, "Umma, mu tafi. Khalas, magana ta ƙare."

Ban motsa ba. Daidai lokacin likitan ya hau nasa zai tayar. Na ga libar wuta da ke hannun babur ya bar ta a gaba, bai ja ta baya ba. Ya taka kik da ƙarfinsa, kik ya dawo ya harbe shi a dunduniya, ya sauko yana ɗingishi yana kiran sunan Allah. Dariya ta ƙwace mini.

Na ce, "Baba, gaya wa likita ko jaki ba a zuwa masa ta baya ba sallama. Ya bar wuta a gaba, me yake so babur ya yi masa?"

"Umma, don Allah," in ji Malam Nura.

Baba Abakar ya riga ya faɗa, da ƙarfi kuma. Dattawan duk suka juyo. Likita ya yi ja, ya nuna babur da hannu biyu, irin na "bismilla, ga shi nan". Usta ya ajiye abin da ke hannunsa.

Na miƙa wa surukina jakata. Da ma da wando a ƙarƙashin zanina, ban zo wasa ba. Na tattare mayafi na ɗaure a ƙugu. Na buɗe mai, na danna ɗan maɓallin kafireta har fetur ya jiƙa mini yatsa. Na ja libar wuta baya. Na taka kik a hankali har na ji fistin ya cije, na matsa ƙaramar libar da ke sassauta shi, na wuce da shi kaɗan, na saki. Shekara kusan talatin rabona da yin haka, kuma gwiwata ba ta yarinya ba ce. Na ce a raina in na ji kunya a nan sai dai in koma gida a ƙafa. Na yi bismilla na sauke dukkan nauyina, ba bugu ba, rakiya, har ƙasa.

Ya ɗauka. Dum, dum, dum, lungu ya cika.

Na mayar da liba gaba, na buɗe murfin tankin baƙin mai na leƙa in ga yana dawowa, don haka aka koya mini. Da na ɗago, Usta na tsaye a kaina. Bai yi murmushi ba. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa zanin da abin da ke ciki. Mai gidan burodi yana ta tafi yana "Allah, Allah ya Hagga!" Likita ma, don ba shi da mugun rai, ya aika aka kawo mini ruwan rake.

Kwana biyar ya yi yana aikin. Na je kullum na zauna a kan bulo ina kallo. Waya siririya kamar gashi yake naɗawa, sahu bayan sahu, yana shimfiɗa takarda a tsakani, leɓensa na motsi. In yana naɗi ko gaisuwa ba ya amsawa.

A rana ta shida na ga al'adarsa. Usta ba ya nuna wa mutum wuta a fulogi. Mai kaya zai riƙe bakin wayar da hannu ɗaya, ya dafa jikin maganeto da ɗayan, shi kuma ya juya. In ta ja ka, ka shaida da jikinka, babu dawowa gobe da ƙorafi. Baba Abakar ya ce akwai wani tsohon soja da ya gudu daga wurin nan ya bar takalmi. Usta ya ɗaure maganeton a kan teburi, ya dube ni, ya dubi Malam Nura, sai ya miƙa wa Malam wayar. Wai ba a yi wa mace haka.

Bawan Allah ya miƙa hannu yana karanta abin da ya sawwaƙa. Na ce, "Malam, janye hannunka. Babanka ne ko nawa?" Na karɓe.

Usta ya ɗaga kafaɗa ya murza. Jama'a, ban san inda haƙorana suke ba sai ranar. Ta shiga ta yatsa ta fita ta ƙeya. Na yi salati da ƙarfi, dattawa suka kwashe da dariya, Usta ya ce, "Tamam?" Wato ya yi daidai?

Na ce, "Ba tamam ba. Baba, gaya masa da sanyi kowane maganeto malami ne. In ya yi zafi ake sanin na gaskiya. A kai shi rana."

Na ga gemun Usta ya motsa. Ya kwance shi da kansa, ya ɗora a kan rufin kwano, muka zauna muka sha shayi har bayan azahar. Rana irin ta Masar ba ta wasa. Da aka sauko da shi sai da tsumma ake riƙewa. Na sake kama waya na ce ya juya a hankali, kamar yadda ƙafar tsohuwa za ta juya shi. Ya juya. Ta sake ja na, har ta fi ta farko. Na ce, "Yanzu tamam." Ya ce wa Baba Abakar wani abu, Baba ya yi dariya har da tari: wai shekara hamsin yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa neman a ƙara masa.

Da za mu rabu ya ba ni fulogi biyu sababbi a tsohuwar takardarsu, ya ce in Giwa ya tashi in ɗauko masa kukan a waya. Na bar wa Baba Abakar sauran kukata da daddawa. Ya riƙe ƙullin ya daɗe yana shinshinawa.

Na dawo na tarar ruwa ya fara ja baya, har an zube yashi da bulo a ƙofar gida. Kwana biyu muka yi da Ilu muna saita lokacin wuta. Ranar Asabar da safe na aika aka kira Yaya Sani da duk waɗanda suka shaida. Suka zo, har da waɗanda ba su shaida ba. Bugun farko, shiru. Na biyu, ya yi tari ya tofar da hayaƙi. Wani ya ce a kira masu sikeli. A na uku Giwa ya buɗe murya, kaji suka watse, wata tsohuwa daga ƙarshen layi ta fito ba mayafi tana tambaya ko Babanmu ne ya dawo. Na riƙe waya kusa da salansa don Usta.

Yaya ya zagaya shi sau biyu. Ya shafa tanki. Sai ya ce, "To, madalla. Amma ke mace me za ki yi da shi? Abin Baba ne, a hannun babba ya kamata ya zauna." Kafin in buɗe baki ya tattare babbar riga ya haye. Ilu ya sa masa giya, ya ja.

Baburan yanzu birkin ƙafa a dama yake, giya a hagu. Na Ingila na da, akasin haka ne. Yaya ya kai ƙarshen layi ya juyo da kyau, yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya zo tsayawa ya taka dama. Giya ta ƙaru. Ya sake takawa da ƙarfi, ta sake ƙaruwa. Allah ya taimake shi da yashin maginansa, a ciki ya tsaya, hula a gabas, takalmi a yamma. Ko ƙwarzane bai yi ba, Giwa ma haka, shi na fara dubawa.

Ya tashi yana tofar da yashi ya ce, "Asabe! Kin san haka abin yake ba ki gaya mini ba?"

Na ɗaga babur ɗina, na kaɗe masa sirdi da gefen mayafi, na kama hanyar shago ina turawa. Na ce, "Yaya, tun ina shekara goma sha uku na sani. Wa ya taɓa tambayata?"